Turbobin Ƙasar Sakkwato: Tafiyar Ƙafa Tsakanin Tudu da Fadama

Ƙasar da ke kewaye da birnin Sakkwato cike take da turbobin ƙafa waɗanda suka girmi kwalta da mota. Suna fita daga unguwannin da suka bunƙasa bayan tsohuwar ganuwa, irin su Gidan Dahala, su ratsa gonakin gero, su hau tudun marmara, su gangara fadamar Rima, har su sada matafiyi da garuruwan da tarihin wannan ƙasa ya gudana a cikinsu: Wurno a arewa maso gabas, Ɗegel a arewa, Gudu a arewa maso yamma, Bodinga da Sifawa a kudu maso yamma, sai kufan Surame a yamma, wanda ya riga Sakkwato kanta kafuwa. Sawun manoma da makiyaya da fatake da almajirai ne ya shata waɗannan hanyoyi. Da ƙafa da jaki da doki da raƙumi aka yi hijira da yaƙi da fatauci da neman ilmi a kansu, shi ya sa mai bin su da ƙafa yake gane abin da mai wucewa a mota ba ya lura da shi, wato dalilin da ya sa aka kafa kowane gari a inda yake.

Shimfiɗar ƙasa

Sakkwato tana zaune a kan doron tudu kusa da mahaɗar gulabe biyu, Gulbin Rima da ke zuwa daga arewa maso gabas da Gulbin Sakkwato da ke biyowa ta ƙasar Zamfara. Tuddan yankin ba su da tsawon duwatsun Jos ko Kwatarkwashi. Samansu a shimfiɗe yake, jar marmara da tsakuwa sun lulluɓe shi, gefensu kuma ya yanke da gangare mai ɗan tsauri. Hawansu ba ya ɗaukar lokaci, amma wanda ya kai ƙoli yakan hangi fadama baki ɗaya, da gulbi yana karkacewa a tsakiyarta, da ƙauyuka jere a bakin tudun ƙetare.

Ƙasa iri uku ƙafa take takawa a yini guda. A bisa akwai faƙo mai tauri, inda sabara da geza kawai suke jurewa. A gangare akwai jigawa mai rairayi, gonar gero da wake. A ƙasa kuma laka ce baƙa ta fadama, wadda ke ba da shinkafa da damina, ta ba da albasa da tafarnuwa da rake da dankali da tumatir da rani. Tsofaffin garuruwa kusan duka a kan iyakar tudu da fadama suke. Mazauninsu ya fi ƙarfin ambaliya, ruwa da abinci suna kusa, mai gadi kuma yana hango ƙurar dawaki tun daga nesa.

Ƙarƙashin marmarar akwai tarihin da ya fi na ɗan Adam daɗewa. Masana ilmin ƙasa sun nuna cewa shekaru kimanin miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki, reshen tsohon tekun da Bahar Rum ta yau ta saura daga gare shi, wanda ya ratso inda Sahara take yanzu. Farar ƙasar Kalambaina, wadda masana'antar siminti ke haƙa a yammacin birni tun shekarun 1960, daga gindin wannan teku ta taru. Idan aka fasa dunƙulenta akan ga zanen ƙwanson halittun ruwa a daskare. A tuddan Dange da Wurno da Dukamaje kuma an tono ƙasusuwan kadoji da kunkuru da kifaye na wancan zamani.

Itatuwa su ne alamomin hanya. Kuka takan nuna mazaunin mutane, na yanzu ko na da, har akan gane kufai da tarin kukoki a fili. Giginya da goriba suna bin damshi. Gawo yana tsaye a tsakiyar gonaki, ya zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani lokacin da matafiyi ya fi bukatar inuwa. Tsamiya da kurna da aduwa da magarya suna ba da abin tsotsa a hanya, dogon yaro kuma, wanda baƙo ne da ya zo a ƙarni na 20, ya mamaye titunan birni da bakin ƙauyuka.

Hanyoyin da masu bin su

Akwai gwadabe mai faɗi da ayarin fatake ke bi a ƙarƙashin madugu, daga zango zuwa zango. Ta nan gishiri da kanwa suke gangarowa daga arewa, goro ya zo daga Gwanja, jar fatar akuyar Sakkwato ta nufi Kano har ta ƙetare Sahara. Akwai turba siririya ta mutum ɗaya da ke haɗa ƙauye da gona da rijiya da kasuwa. Akwai burtali, hanyar shanu tsakanin gonaki, wadda akan shinge da ƙaya ko aguwa. Inda hanya ta iske gulbi kuma akwai mashigi, a ratsa da ƙafa da rani, a shiga jirgin masunta da damina.

Mata ma suna da babban rabo a tarihin waɗannan turbobi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru. Takan naɗa dattijuwa mai ilmi a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, ita kuma ta jagoranci tsofaffin mata da 'yan mata daga ƙauyensu zuwa wurin karatu, su koma gida da waƙoƙin wa'azi a ka. Da rani ake wannan tafiya, bayan an kai amfanin gona rumbu. Ayarin matan karkara da ke zuwa ziyarar Hubbaren Shehu har yau gadon wannan al'ada ne.

Daga Gidan Dahala zuwa Hubbare

Zangon farko a cikin birni yake. Mai tashi daga Gidan Dahala bayan sallar asuba yakan ratsa sababbin unguwanni na bulo da kwano kafin ya shiga tsohon gari, inda lunguna suke matsewa, zauruka suke fuskantar hanya. Muhammadu Bello ne ya kafa Sakkwato a 1809, ya kewaye ta da ganuwa. Yawancin ganuwar ta bi ruwa da gine-gine, amma sunayen ƙofofinta suna nan a bakin mutane: Ƙofar Kware, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Dunɗaye, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku da Ƙofar Aliyu Jeɗo. Kowace ƙofa bakin wata hanya ce ta karkara.

A kudancin ganuwa aka yi yaƙin Giginya ranar 15 ga Maris 1903, inda rundunar Ingila ta ci birnin. Daga nan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, jama'a masu yawa suka bi shi da ƙafa, har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. A tsakiyar tsohon gari kuwa akwai fadar Sarkin Musulmi, da Masallacin Bello, da Masallacin Shehu, da Giɗaɗawa, unguwar zuriyar Waziri Giɗaɗo mijin Nana Asma'u, wanda ya sauki Baturen Ingila Kilafaton a 1824. A wannan zuwa ne Bello ya ba baƙon taswirar ƙasa mai nuna garuruwa da gulabe, shaidar cewa shugabannin daular sun san hanyoyinsu sani na ilmi.

Hubbare gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, inda ya zauna daga 1815 har rasuwarsa a watan Afrilu 1817, a nan kuma aka rufe shi. Mai ziyara yakan tuɓe takalmi a ƙofa, ya wuce mabukata da ke zaune a gindin bango, ya shiga da sallama da murya ƙasa-ƙasa. Akan ga tsohuwa ta sauke ƙullinta, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya, ta durƙusa tana addu'a, sa'an nan ta kwance bakin zane ta fitar da sadaka. Kabarin Nana Asma'u da na wasu Sarakunan Musulmi suna cikin wannan harabar. Kafin a fita karkara yana da kyau a biya ta Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, inda aka adana rubuce-rubucen hannu da makamai da kayan sarauta.

Hanyar Wurno

Wurno tana da nisan kilomita arba'in da 'yan kai daga Sakkwato, tafiyar yini biyu ga mai tafiya a natse. Hanya tana bin bakin tudu, fadamar Rima tana hagu, ta wuce Acida mai babbar kasuwa, ta biya Marnona, inda kabarin Hauwa'u mahaifiyar Shehu yake.

A wannan hanya ake ganin aikin fadama da kyau. Manomin albasa yakan raba lambunsa fangali-fangali, ya tayar da injin ban-ruwa a bakin rijiyar burtsatse ko gulbi, ya bi ruwan da fartanya, yana buɗe bakin wannan fangali yana toshe na wancan da laka. A da jigo ne ke wannan aiki, sanda mai guga a kai da dunƙulen laka a gindi. Idan albasa ta nuna sai a tuge ta, a shanya, a zuba a rudu na kara da ciyawa don ta kai lokacin da za ta yi daraja. Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 ita ce ke riƙe ruwan da ake wannan noma da shi. Gulbin yana da fushinsa: ambaliyar 2010 ta cinye gonaki da ƙauyuka a kwarin Rima, ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke ƙetare.

Garin Wurno yana bisa tudu, yana kallon fadama ta arewa, wato ta fuskar Gobir. Wajen 1830 Bello ya mayar da shi ribaɗi, garin tsaron iyaka, ya kuma fi son zama a nan fiye da Sakkwato. Manufarsa ita ce ya zaunar da makiyaya da mayaƙa a garuruwa masu ganuwa, su yi noma da sana'a da karatu, su kuma tare hanyar mahara. Gandi da Shinaka suna cikin irin waɗannan garuruwa. Wanda ya tsaya a bakin tudun Wurno ya dubi arewa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan hikimar zaɓen wurin, gani ya kori ji. Bello ya rasu a nan a 1837, hubbarensa kuma wurin ziyara ne. A zamanin ɗansa Aliyu Babba, Bajamushen matafiyi Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya zauna a Wurno a 1853.

Hanyar arewa da sawun hijira

Mai fita ta Ƙofar Kware yakan ƙetare Rima ya isa Kware, tafiyar kimanin kilomita 20. Garin yana da tabki mai kifi da lambuna. A nan Malam Abdussalami ya zauna, almajirin Shehu wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana ya zama sanadin ɓarkewar rikici da Sarkin Gobir Yunfa, a nan kuma ya yi wa Bello tawaye bayan rasuwar Shehu, aka ci garin a farkon 1818. Gaba akwai Gwadabawa, wadda Muhammadu Maiturare ya kafa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915, sai Cimmola, ribaɗin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku.

Ɗegel tana kusa da Cimmola. An haifi Shehu a Maratta, cikin Nijar ta yau, a 1754, amma a Ɗegel ya tashi, a nan ya karantar, a nan jama'arsa ta taru, a nan kabarin mahaifinsa Muhammadu Fodiyo yake. Ƙaramin wuri ne mai tsit a tsakanin tudu da kwari. Wanda ya san yawan littattafan da aka rubuta a nan, da nisan ƙasashen da ɗalibai suka fito, yakan jinjina yadda ilmi ya mayar da ruga cibiya.

Daga Ɗegel aka tashi hijira a watan Fabrairu 1804, cikin Zulƙida 1218. Ayarin ya haɗa maza da mata da yara da tsofaffi da dabbobi, littattafai kuma a bayan raƙuma. Ya nufi arewa ta wajen tabkin Kalmalo, kusa da Illela ta yau, sa'an nan ya karkata yamma ta Ruwa Wuri zuwa Gudu, a gefen ƙasar Gobir. Hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce, domin ruwa take bi: a ƙarshen ɗari, a ƙasar da rijiyoyi suke nesa da juna, ba a tafiyar da jama'a da garke sai daga mashaya zuwa mashaya. A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. A watan Yuni 1804 aka gwabza a Tabkin Kwatto, inda jama'a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, yawancinsu 'yan baka a ƙasa, suka karya dawakin Yunfa.

Tafiya ba ta ƙare a nan ba. Yunwa da neman makiyaya sun kora jama'a zuwa cikin Gobir, inda suka yi babbar asara a Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, sa'an nan Sabon Gari a Zamfara, sa'an nan Gwandu a 1805. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a watan Oktoba 1808. An rubuta wannan zagaye zango-zango: Bello ya ba da labarinsa a Infaƙul Maisuri, Abdullahi a Tazyinul Waraƙati, Nana Asma'u kuma ta tsara shi a waƙar Fulatanci wadda aka mayar Hausa da sunan Waƙar Gewaye. Kaɗan ne cikin tsofaffin hanyoyin Afirka ta Yamma suke da rubutacciyar shaida irin wannan daga bakin waɗanda suka taka su.

Hanyar kudu

Kudu maso yamma, bayan filin jirgin sama, akwai Bodinga da Sifawa, maƙwabtan juna, tafiyar yini guda daga birni ga mai ƙwari. Bayan an ci Alƙalawa Shehu ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa kimanin shekara biyar, har 1815, ƙanensa Abdullahi yana Bodinga. Shekarun Sifawa na karantarwa ne da rubutu. A lokacin ne, a 1812, aka raba kula da daular gida biyu, gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi. Ƙasar nan jigawa ce mai yalwa, tafiyarta da sauƙi, ƙauyukanta kusa da juna.

Ta hanyar Gusau kuma akwai Shuni da Dange, inda tudu ya yanke ya bar dogon gangare mai kwazazzabai, wurin da ya fi kowane kusa da birni daɗin hawa da hange. A kudancin Sakkwato, kimanin kilomita 20 da ɗoriya, kufan Satiru yake. A watan Fabrairu 1906 talakawan garin, ƙarƙashin Malam Isa da wani malami da ake kira Ɗan Makaho wanda ya tsero daga yankin Faransa, suka fatattaki rundunar Ingila da gatura da fartanyu, suka kashe Razdan da wasu Turawa biyu da sojoji da dama. A watan Maris aka dawo da babbar runduna, aka kashe mutane kimanin 2,000, aka rushe garin, aka hana sake zama a cikinsa. Wuri ne da ya cancanci a tsaya a yi addu'a, a kuma karantar da yara abin da ya faru.

Surame

A yamma, cikin ƙaramar hukumar Binji, akwai kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Songhai ya kafa daular Kabi. Abin da ya bambanta shi da sauran biranen ƙasar Hausa shi ne ganuwarsa ta dutse, wadda aka jera da marmarar wurin, zagaye bayan zagaye, da gwalalo a bayanta. An bar birnin wajen farkon ƙarni na 18 lokacin da sarauta ta koma Birnin Kabi. Yau daji ya rufe shi, kukoki sun tsaya a inda gidaje suke, amma ana iya bin gindin ganuwar da ƙafa a ga mazaunin ƙofofi. An ayyana shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, aka sa shi a jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a 2007. Faɗinsa ya isa a ba shi yini guda, tare da ɗan jagora daga ƙauyukan kusa.

Lokaci da guzuri da ladabi

Lokacin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama girbi, gonaki sun buɗe, mashigai sun janye, sanyin hunturu yana rage gajiya, ko da yake hazo yakan rufe hange wasu ranaku. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, tafiyar rana kuma ta zama kasada. Daga Yuni zuwa Satumba ƙasa tana kore, amma fadama ta cika, turbobi sun shige cikin gero.

Tsarin fatake har yanzu shi ne daidai: a yi sammako, a yada zango kafin rana ta take, a ci gaba bayan la'asar, a isa masauki kafin magariba. Mai tafiya a natse yakan ci kilomita 4 zuwa 5 a awa. Guzuri shi ne ruwa mai yawa, da dabino, da ƙuli-ƙuli ko ƙilishi, da malfa, da rawani na tare ƙura, da takalmi mai kaurin ƙasa saboda tsakuwa da ƙarangiya. Fura da nono ana samunsu a hannun matan Fulani a gindin itace ko bakin kasuwa.

Ladabi ya fi guzuri muhimmanci. Ba a wuce mai aiki a gona sai an ce, “Salamu alaikum, sannu da aiki, baba,” shi kuma ya amsa da lahiya lau irin ta Sakkwatawa, ya tambayi daga ina zuwa ina. Amsa wannan tambaya wajibi ne, domin da ita ƙauye yake sanin wanda ya ratsa ƙasarsa, da ita kuma ake gyara wa baƙo hanya, matambayi ba ya ɓata. Mai kwana yakan fara gaida mai gari ko liman, su ne za su nuna masa zauren baƙi. Ba a taka shuka, ba a ratsa tsakiyar garke, ba a ɗaukar hoton mutum ko hubbare sai da izini, ba a kuma ɗauke dutse ko katanga daga kufai.

Abin da ƙasashen Bahar Rum suka yi da nasu

Ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum suna da tsofaffin turbobi irin waɗannan a tuddansu na farar ƙasa, tsakanin gonakin zaitun da inabi, sun kuma raya su. A kudu maso yammacin Turkiyya an buɗe Hanyar Likiya a 1999, fiye da kilomita 500 daga Fetiye zuwa wajen Antaliya, an haɗa ta daga hanyoyin alfadarai da na zamanin Rumawa, an shafa jan fenti da fari a kan duwatsu don nuna hanya. A Italiya an farfaɗo da Via Francigena, hanyar masu ziyara zuwa Rum da ke ratsa tuddan Toskana, bisa rubutun Sijerik, babban limamin cocin Kantabari, wanda ya lissafa zango 79 na komawarsa gida a shekarar 990. A Labanan akwai hanyar tsaunuka mai kimanin kilomita 470 daga arewa zuwa kudu. A Andalus ta ƙasar Sifen kuma matafiya suna bin ƙauyukan Alfujara a kudancin Garnaɗa, gefen magudanan ban-ruwa da aka gada daga zamanin Musulmi.

Aikin da aka yi a waɗannan wurare bai wuce abu huɗu ba: an bi tsofaffin hanyoyi an rubuta su, an sa musu alama, an shirya masauki a gidajen ƙauye, an horar da 'yan jagora daga cikin mutanen wurin. Kuɗin baƙo yana shiga hannun mai abinci da mai ɗaki da mai jaki, ƙauye kuma ya sami dalilin kare kufansa. Abin da rubutun Sijerik ya yi wa hanyar Rum, Waƙar Gewaye da Infaƙul Maisuri suna iya yi wa hanyar hijira.

Halin da ake ciki

Babban cikas a yau shi ne tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun addabi gabashin Jihar Sakkwato, musamman Sabon Birni, inda kufan Alƙalawa yake, da Isa da Goronyo da Raba da sassan Wurno. A Tangaza da Gudu kuma akwai ƙungiyar Lakurawa. Manoman da suka fi kowa sanin turbobin nan da yawansu sun bar gonakinsu na nesa, wasu sun bar ƙauyukansu ɗungurungum. Ba a shiga waɗannan yankuna da ƙafa sai zaman lafiya ya dawo, ko a kusa da birni ma sai an nemi shawarar sarakunan gargajiya da jami'an tsaro, da ɗan gari akan ci gari. Ban da tsaro, gine-gine suna cin ragowar ganuwa, gonaki suna cin burtali, zaizaya tana cin gangaren tudu, dattawan da suka san sunan kowace rijiya da kowane zango kuma suna ƙarewa.

Akwai aikin da ba sai an jira ba. Sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Cibiyar Waziri Junaidu da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa suna da masanan da za su iya ɗaukar bayanin dattawa, su gwada shi da littattafan jihadi, su fitar da taswirar zangunan. Makarantu suna iya fara wa ɗalibai da gajerun hanyoyi: zagayen ƙofofin birni, gangarawa fadama ta Dunɗaye, tafiyar Bodinga da Sifawa. Hakimai suna iya hana noma da gini a kan kufai da burtali. Idan aka rubuta hanyoyin aka kuma tsare su yanzu, ranar da ƙasa ta lafa za a iske su a shirye, daga ƙofar Hubbare har Ɗegel da Gudu da Wurno da Surame.